Jinin Auta Cikin Rigar Filo

3 ga watan ɗaya

Zuwa ga Yaya Dakta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki. Mu nan da sauƙi, in ban da abin da ya sa na ɗauki biro.

Na san sai ka juya takardar nan kana neman wace ce. Ni ce babbar 'yar mai gyaran agogo, wadda kakarka da kakarta suke ciki ɗaya. Lokacin da kake zuwa hutu gidanmu kai ka laƙaba mini Rediyo saboda surutu, kuma har yau ba a samu mai kashe rediyon ba. Shekara ashirin da uku rabonmu da kai. Adireshinka a wurin ƙanwarka na karɓa, bayan ta gama ja mini rai. Ta ba ni har da lambar waya, amma na fi son takarda, don a waya kuka ke cin ƙarfina.

Maganar Auta ce. Ka tuna 'yar siririyar nan mai yoyon hanci da kake ɗorawa a wuya? Yanzu shekararta talatin da ɗaya. Ni da ita muke aiki a ɗakin wanki da guga na wani otal, can ƙarƙashin bene, inda injin shanya ke ruri tun safe. Shekara goma sha biyu muna ninke zannuwan gado tare, ita gefe ni gefe, har ba sai mun kalli juna ba.

Yaya, tari bai taɓa barin yarinyar nan ba tun tana goye. Sau biyu ana ɗora ta kan maganin tarin fuka, wata shida-shida, alhali ba a taɓa ganin ƙwayar cutar a kakinta ba. Ga gyambo a ƙwaurinta, shekara huɗu ya ƙi rufewa. Yanzu matakala goma sha huɗun da ke fitowa daga ɗakin wanki sai ta zauna sau biyu kafin ta ƙare su. Likitan da ke duba ta ya ce garkuwar jikinta ce ke da matsala, amma ba cutar nan da kowa ke tsoro ba ce, an gwada sau uku babu. Ya ce abin da zai gano asalin matsalar ba su da shi.

Dangi kuwa tuni sun gama nasu binciken. Gwaggo ta ce tururin ɗakin guga ne ya dafa mata huhu, kuma ni na kai ta can. Maganar tana cina.

An ce garkuwar jiki ce aikinka. Don zumunci ka gaya mini abin da ke cinye mini ƙanwa, da ko akwai magani. Ita kaɗai ta rage mini.

Ƙanwarka,
Rediyo

28 ga watan ɗaya

Ƙanwata Rediyo,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya, iyali ma lafiya lau suna gaishe ku. Ban juya takardar ba, tun layi na biyu na ji muryarki. Ki yi wa Auta sannu. Kunya ta kama ni da na ƙirga shekarun da kika ƙirga.

Bari in fara cire miki wani zato. Ni ba likitan da ke duba marasa lafiya ba ne. Rabon da in dafa goshin mai zazzaɓi tun ina ɗalibi. Marasa lafiyata ƙwayoyin jiki ne a cikin 'yan kwanonin roba, in ba su abinci, in leƙa su ta madubin ƙara girma. Amma abin da kika lissafa ya hana ni zama, don ya yi kama da abin da na ƙare rayuwata a kai.

Ga yadda abin yake. Kowace ƙwayar jikinmu tana fito da wani ɗan faranti bakin ƙofarta, ta ɗora guntun abin da ke cikinta a kai. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne masu gadi, suna zagayawa suna duba farantan. In suka ga guntun cuta, sai su far wa ƙwayar kafin cutar ta yaɗu. To shi farantin nan wani sinadarin jiki ne da ake kira furotin, kuma idan aka ƙera shi a warware yake fitowa, sai an ninke shi daidai kafin ya yi aiki. Shi kaɗai ba ya iya ninkuwa. Akwai waɗansu furotin da aikinsu ke nan, su riƙe shi har ya ninku, a ɗora masa kaya, su raka shi hanya. A wurinmu 'yan rakiya ake ce musu. Kin ce ke gefe Auta gefe. Ki ɗauka ranar da ɗayarku ba ta zo ba, ki ga yadda zanen gado zai fito.

Akwai mutane ƙalilan da ake haifa babu ɗaya daga cikin 'yan rakiyar nan. Farantansu sai su cukurkuɗe a ciki, kaɗan ne ke kaiwa ƙofa. Cuta ta samu wurin zama a hanci da huhu, masu gadi kuma wani lokaci su rikice su far wa fata mai lafiya. Na fi zargin wannan ne, amma zato ne kawai.

A ɗakin gwajinmu mun taɓa ɗaukar ƙwayoyin da ba su da ɗan rakiyar, a cikin kwano, muka mayar musu da shi. Cikin kwana huɗu farantan suka fito reras. Ranar ko abinci na kasa ci don murna.

Na haɗo da 'yan kwalabe huɗu masu koren murfi, biyu na jininta, biyu na naki. Na yi magana da kamfanin aika kaya, za su karɓa a ofishinsu. Ina son ƙwayoyin su iso mini da ransu, don haka kada a yi jinkiri.

Yayanku

19 ga watan biyu

Yaya Dakta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kowa lafiya. Auta jiki da sauƙi, jiya har ta yi dariya ta ƙware.

Kwana huɗu, Yaya! Mu muna shekara talatin muna yawon asibiti, ashe abin na kwana huɗu ne a hannunka. Na karanta layin nan har takardar ta yi laushi. Na karanta wa kukun otal, na karanta wa mai gadin ƙofar baya, na je takanas na karanta wa Gwaggo da ƙarfi. Auta ta karɓa ta karanta da kanta, sau biyu, sannan ta ninke ta miƙo mini ta ce, "Yaya ya iya bayani." Ka san ta, murnarta a ciki take.

An ɗebi jinin ranar Juma'a. Nawa nan da nan, nata kuwa sai da aka soka mata allura wuri biyar, jijiyoyin duk sun gudu. Ta runtse ido, ni ce na yi ta sannu har nas ta ce in fita. Muna zuwa ofishin aika kayan sai suka ce na ranar ya riga ya tafi, sai Litinin. Hankalina ya tashi, ga zafi, ga ka ce kada su mutu.

Allah ya saka wa kukun otal ɗinmu da alheri. Yana jin bayanin ya buɗe babbar firizar nama ya ce, "Duk abin da ba ki son ya lalace, nan ne gidansa." Ya kwashe kayan lungu guda, ya goge da hannunsa. Auta ta goge wata rigar filo sabuwa fil, ta ce in je in nemo tef, kafin in dawo ta naɗe kwalaben a ciki da irin ninkinta mai kaifi. Kwana uku ina leƙawa safe da yamma, ko wuta ba a ɗauke ba. Ranar Litinin suka fito kamar dutse. Na jera musu ƙanƙara a akwatin na miƙa. Ko a wurinku ban ce za a fi haka kula ba.

Yanzu ka gaya mini, Auta za ta zo ne ko kai za ka aiko da maganin? In ita ce, ina tare da ita, don ba ta iya barci sai an jera mata filo uku. Na fara saƙa mata rigar sanyi, ruwan toka, saura hannu ɗaya.

Ƙanwarka,
Rediyo

25 ga watan huɗu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa ka shiru, don wata biyu ke nan. Kamfanin sun nuna mini sa hannunka, na san akwatin ya isa. Na daure na kira ofishinka sau biyu, wata mata ta ce kana ɗakin gwaji.

Auta na kwance a asibiti yau kwana goma sha ɗaya. Gado na uku daga taga, da robar iska a hanci. Zannuwan gadonsu ba guga, ta ce in Allah ya tashe ta sai ta koya musu aiki.

Shekaranjiya ina ba wata nas labarinka, ina cika baki yadda na adana jinin. Tana cikin gyara ƙarin ruwa ta tsaya cak ta ce, "A firiza? Jinin da ake son ƙwayoyinsa da rai? Baiwar Allah, ai kin kashe shi. Ƙanƙara fasa su take yi." Ta faɗa ta wuce gado na gaba. Ni kuwa sai na zauna a ƙasa.

Yaya, gaskiya ne? Abin da ya sa ka yi shiru ke nan? Na roƙi likita a sake ɗiba, ya ce ko ɗigo ba za a ƙara taɓawa ba a halin da Auta take ciki, ita ma ta girgiza kai. Ban gaya mata maganar nas ba. Da wane bakin zan ce mata magani ya zo har ƙofa ni na daskarar da shi?

Ko zagi ne ka rubuto. Na gama rigar sanyin, tana sanye da ita yanzu haka.

Rediyo

9 ga watan biyar

Yaya,

Babu doguwar gaisuwa. Auta ta rasu ranar Talata da hantsi. Ina riƙe da hannunta. Ta ce in gyara mata filo, na gyara, shi ke nan.

Ba sai ka wahalar da kanka da amsa ba, shirunka ya ba ni. Gwaggo ta ce tururi ne, ni kuma na san firiza ce, ko ta ina aka bi dai ni ce. Abu ɗaya nake tambayarka, kuma har gaban Allah zan tambaya. Layi ɗaya ya gagare ka? Da ka ce mini jinin ya lalace tun a watan biyu, lokacin tana tafiya da ƙafarta, da an sake ɗiba.

'Yar mai gyaran agogo

30 ga watan biyar

Ƙanwata,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Auta, ya ba ki haƙuri. Ban cancanci ki karanta wannan ba, amma ki daure ki kai ƙarshe.

Nas ta faɗi gaskiya, ƙwayoyin sun fashe. Amma laifin nawa ne. Duk wanda nake aiki da shi ya san ba a daskarar da irin wannan jini, har na manta cewa abu ne da ake faɗa. Na rubuta miki shafi biyu a kan faranti, ban rubuta kalma biyar da kike bukata ba. Ke kin yi abin da mai ƙauna ke yi.

Na biyu ya fi nauyi. Ko da jinin ya iso da ransa, babu magani a hannuna. Babu shi a hannun kowa. Kwana huɗun nan a kwanon roba ne, tsakaninsa da jikin mutum akwai shekarun da ban san ko zan gani ba. Abin da ake yi wa mai wannan ciwo shi ne abin da likitanta ke yi mata. Na sa labarin a wasiƙa ne don in burge ku, in nuna shekara ashirin da ukun nan ba a banza suka tafi ba. Firizar ba ta hana Auta komai ba.

Ƙanƙara tana fasa ƙwaya, amma ba ta goge rubutun halittar da ke cikinta, wanda ake gada daga iyaye. Shi muka karanta, kuma sakamakon ya fito a ƙarshen watan huɗu. Zatona ya tabbata. Auta ta gaji rashin ɗan rakiyar nan ta wajen uwa da ta wajen uba, da shi aka haife ta. Ke ta gefe ɗaya kika gada, ɗayan lafiyayye ne, shi ya sa kike lafiya. Tururi bai jawo mata ciwon nan ba, tana da shi tun ina ɗora ta a wuya. Na haɗo da takardar sakamakon.

Saura shiruna. Da na warware rigar filon, na samu takarda a cikin ninkin ƙarshe. Da fensir aka rubuta, shi ya sa ruwan ƙanƙara bai wanke ta ba. Ga ta nan na mayar miki. Auta ce ta rubuta, ta roƙe ni abu, na yi mata. Amma kada in yi miki ƙarya, na ɓuya a bayan roƙonta ne don ya yi mini sauƙi. Lokacin da wasiƙarki ta asibiti ta zo, ya kamata in karya alkawarin a ranar. Na rubuta amsa huɗu na yaga, na bar ki kika yi jinyarta da wannan dutse a ƙirji. Wannan ba roƙonta ba ne, tsorona ne.

Yayanki, in har kin yarda

Takardar da ke cikin rigar filo

Yaya, sannu da aiki. Auta ce. Ina sauri, na aiki Rediyo neman tef.

Na karanta wasiƙarka da kaina. Babu inda ka ce akwai magani, a kwano ka ce. Na gane. Ita ba ta gane ba, kuma don Allah kada ka gyara mata. Shekara huɗu rabon da in ji tana waƙa a bakin aiki, sai makon nan. Ta sayi zare ta fara yi mini rigar sanyi, saƙar duk a karkace, kada ka gaya mata na faɗa.

Ni na san jikina, matakalar nan tana gaya mini kullum. Ka bar ta da murnarta har in gama. In jinin nan bai yi ba, kada ka nemi wani, hannuna ya gaji da allura.

Abu ɗaya nake so ka duba da gaske. Ka gano ko tururi ne. In ba shi ba ne, ka rubuta mata da hatimi, yadda Gwaggo za ta gani. Ni na nace sai ta samo mini aikin nan, kuma ban taɓa jin daɗin wuri kamar ɗakin ba.

Ga ta nan tafe, tun daga matakala nake jin ta.

21 ga watan shida

Yaya,

Na samu saƙonka. Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. A gaida iyali.

Na yi kwana tara ban iya ba ka amsa ba. Na yi fushi da kai, na yi fushi da ita, har na tsaya gaban gadonta ina yi mata faɗa kamar tana ji. Ku biyu kuka haɗa kai kuka mayar da ni yarinya. Sai kuma na tuna ta a asibiti cikin rigar nan mai karkataccen wuya, ga zafi, ta ƙi cirewa. Na yafe maka, Yaya, amma ba duka yau ba.

Na kai wa Gwaggo takarda mai hatimi. Ta juya ta sama da ƙasa ta ce ita ba ta iya karatu ba, sannan ta fashe da kuka ta riƙe ni.

Na koma aiki. An haɗa ni da wata sabuwa, ba ta da laifi, sai dai in na matso ita ja da baya take yi, zanen ya fito baki a karkace. Tun muna yara nake cewa ni ke riƙe da Auta. Ban taɓa lura da wanda ke riƙe da ɗaya gefen ba.

Ka ci gaba da aikin kwanoninka. In wata ta rubuto maka a kan ƙanwarta, ka fara da abin da babu, kuma ka ce mata kada ta sa a firiza.

Roƙo ɗaya gare ni. Ka aiko mini da rigar filon nan. Kada a wanke, kada a goge. Na san ka warware ta, ba komai. Layin gugarta yana nan, zan bi shi in mayar da ita yadda ta ninke.

Ƙanwarka,
Rediyo